Kalmar Wannan Wata: Hidalgo, Wato "Ɗan Wani Abu"

A wannan wata za mu ɗan fita daga gida, domin kalmar da ke gabanmu ta mutanen Sifaniya ce. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne, wani yaro daga cikin 'ya'yanmu da ke karatu a nan Sabha ya tare mu bayan sallar la'asar a unguwar Gurda, yana riƙe da littafin Don Kihote, fassarar Larabci ta Abdurrahman Badawi wadda ta fito a 1965. Badawin nan Bamisire ne, amma ya taɓa koyarwa a jami'a a Bangazi daga 1967 zuwa 1973, saboda haka ba baƙo ba ne ga ƙasar nan. Yaron ya ce, "Baba, an ce mutumin da ke cikin littafin nan hidalgo ne, malaminmu kuma ya ce ma'anarta mai daraja. To, in mai daraja ne, me ya sa bai mallaki komai ba sai ramammen doki da kayan yaƙi masu tsatsa?"

Muka ce ya ba mu wata guda. Mun ɗauka magana ce ta ƙamus, a buɗe a karanta a rufe. Ashe tambayar za ta zaga da mu Sifaniya ta dawo da mu ƙofar gidanmu.

Da farko dai masu harshen ba sa furta harafin farko, "idalgo" suke cewa. A tsohon rubutu, tun ƙarni na 12, ana samun ta da siffar fidalgo, ko kuma a rarrabe, fijo dalgo. Mutanen Fotugal har gobe fidalgo suke faɗi. Kalmomi uku ne aka haɗe: fijo, wanda yau ya koma hijo, wato ɗa, sai de, wato na, sai algo, wato wani abu. Idan aka fassara ta kai tsaye, sai a ce "ɗan wani abu". Shaidar haka tana nan a tsohon jam'inta, domin a takardun shari'a hijosdalgo ake rubutawa, wato 'ya'yan wani abu, mace kuma a ce hijadalgo.

To, mene ne wannan "abu"? A Sifaniyancin yau algo kalma ce maras nauyi, kamar ka ce ba ni wani abu in ci. Amma a wancan zamani tana nufin dukiya, abin hannu, alheri. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Mu ma in muka ce wane yana da abin hannu, ko mai abu ne, kowa ya san ba tsinke muke nufi ba. Kundin dokokin da aka tsara a zamanin Sarki Alfonso na 10 na ƙasar Kastila, a ƙarni na 13, wanda ake kira Siete Partidas, ya bayyana kalmar da wannan ma'ana, ya kuma ce daraja ce da ke zuwa wa mutum ta hanyar zuriya. A nan ne aka fara rikici, domin kalmar tana maganar dukiya, doka kuma tana maganar jini. Dukiya takan ƙare, jini kuwa ba ya ƙarewa. Shi ya sa bayan shekara ɗari uku aka wayi gari ƙasar ta cika da 'ya'yan wani abu waɗanda ba su da komai.

Su kansu masu sunan ba su so wannan asali ba, ya yi musu talaka da yawa. Sai aka riƙa ƙirƙiro wasu. Wasu suka ce daga "ɗan Godo" ta fito, wato zuriyar Gotawan da suka mulki ƙasar kafin Musulmi su ƙetara a 711. Wasu suka ce daga "italiko" ne, wato mai 'yancin mutanen Rum. Masu ilmin harshe sun daɗe da watsar da waɗannan, amma ku lura da halin ɗan Adam: kalmar asali ma sai da aka nema mata asali na ƙarya.

Akwai wata magana da ta fi waɗannan ƙarfi, wadda kuma ta fi shafarmu. A 1948 wani malami Basifane mai suna Ameriko Kastro ya fitar da littafi kan tarihin ƙasarsa, inda ya ce ginin wannan kalma aro ne daga Larabci. Hujjarsa ita ce, Latin da 'ya'yanta ba su saba kiran mutum "ɗan abu kaza" don bayyana halinsa ba, Larabci kuwa aikinsa ke nan: ibnus sabil shi ne matafiyi, ibn halal shi ne mutumin kirki. Kiristocin arewa sun yi ƙarnuka suna maƙwabtaka da Andalus, suna yaƙi, suna ciniki, suna auratayya, saboda haka ba abin mamaki ba ne su ɗauki tsarin su zuba masa kalmominsu. Wasu malaman sun yi masa gardama, sun ce irin wannan gini yana cikin Baibul na Latin ma, ta hanyar Ibrananci, kuma har yau ba a rufe muhawarar ba. Mu dai da muke magana da harshen da ke cewa ɗan kasuwa, ɗan sanda, ɗan gari, ɗan halak, ɗan iska, kalmar ba ta yi mana baƙunci a kunne ba ko kaɗan. Da Bahaushe ne ya ƙera ta, da "ɗan wane" zai ce.

Misalin da ya fi kusa da ita a ƙasashen Larabawa yana Masar. A zamanin Mamluk, daga 1250 zuwa 1517, masu mulkin bayi ne da aka sayo tun suna yara aka horar da su soja. 'Ya'yan da suka haifa a Masar kuwa ana kiransu auladun nas, wato 'ya'yan mutane. Suna da gata da ɗan abin da ake yanka musu, amma galibi ba sa gadon manyan muƙaman iyayensu. Masana tarihi irin su Ibn Tagribirdi da Ibn Iyas daga cikinsu suke. Har yau Bamisire in zai yabi saurayi wurin neman aure sai ya ce ibn nas ne.

Yanzu sai mu zo ga amsar tambayar yaronmu. A Kastila masu daraja hawa-hawa ne. A sama akwai manyan iyayen ƙasa masu garuruwa da laƙabi, a ƙasa can kuma akwai hidalgo, wanda sau da yawa ba shi da laƙabi, ba shi da talakawa, wani ma ba shi da gona. Abin da ya raba shi da maƙwabcinsa abu ɗaya ne babba: ba ya biyan harajin kai. Harajin nan sunansa pecho, mai biyansa kuma pechero, shi ne talaka. Kowane gari yana da takardar ƙidaya mai gida biyu, na masu biya da na waɗanda aka ɗauke wa. Bayan wannan akwai wasu gata. Ba a ɗaure hidalgo saboda bashin mutane, ba a ƙwace dokinsa ko makamansa ko gidan da yake zaune a kan bashi, ba a gana masa azaba wurin bincike sai a manyan laifuka irin cin amanar sarki, in kuma aka yanke masa hukuncin kisa, sare kansa ake yi, ba a rataye shi kamar ɓarawo. A garuruwa da yawa rabin kujerun majalisar gari nasu ne. Asalin hujjar wannan gata shi ne, shi da jininsa yake biya, in sarki ya buga tambarin yaƙi zai fito da doki da mashi. Harajin ciniki kam, wanda suke kira alkabala, kalmar da kowa ya ji ya san ta Larabci ce, wannan yana hawa kansa kamar kowa.

Duk wanda ya ji labarin haraji a ƙasar Hausa a zamanin Turawa zai gane abin da ya biyo baya. A can ma a dunƙule ake yanka wa gari kuɗin, sannan a raba wa magidanta. Ke nan duk mutum ɗaya da ya fita daga gidan masu biya, kasonsa ya faɗa kan sauran. Saboda haka in baƙo ya sauka a gari ya ce shi hidalgo ne, majalisar gari ba ta yi masa maraba. Sai su rubuta shi cikin masu biya. In ya ƙi biya, su shiga gidansa su ɗauki wani kaya jingina, ko bargo ko tukunya. Daga nan sai shari'a.

Kotuna biyu ne manya ke jin irin wannan ƙara, ta Bayadolid ga mutanen arewacin kogin Taho, da ta Garnada ga na kudu, wadda aka mayar can a 1505. Kowacce tana da zaure na musamman don wannan aiki kaɗai. Bisa dokar da Fernando da Isabel suka kafa a Kurɗuba a 1492, mai ƙara sai ya tabbatar da cewa shi da ubansa da kakansa an san su da wannan matsayi, kuma ba su biya haraji ba tsawon shekara 20. Da me zai tabbatar? Da tsofaffi. Akan tura marubuci har ƙauyen da iyalin suka fito, ya nemo dattawa 'yan shekara saba'in ko tamanin, a rantsar da su, su ce mun san kakansa, mun ga ranar da masu karɓar haraji suka tsallake ƙofarsa. Shari'ar takan ci shekaru, ta ci dukiya. Wanda ya yi nasara sai a ba shi takardar hukunci, ehekutoriya, masu hali su sa a rubuta ta a fata, a yi mata zayyana da ruwan zinariya kamar yadda ake yi wa allon sauka, a ajiye a akwati ana nuna wa jikoki. Akwai gidajen da bayan an gama shari'ar ba abin da ya rage musu sai takardar.

Da yake abin ya zama na lissafi, sai aka raba shi iri-iri. Akwai na jini, akwai wanda sarki ya ba saboda hidima ko saboda kuɗi, domin sarakunan sun riƙa sayar da matsayin in baitulmali ya bushe. Akwai mai kusurwa huɗu, wanda kakanninsa huɗu duk masu matsayin ne. Akwai ma wanda ake ɗauke wa haraji don ya haifi 'ya'ya maza bakwai a jere ta hanyar aure, mutane kuma suka laƙa masa suna na ba'a, hidalgon gaban wando. Amma wanda ya tsaya mana a rai shi ne wanda suke kira na gotera. Gotera ita ce ɗigon ruwan sama daga rufin ɗaki, mu ce indararo. Hidalgon indararo shi ne wanda garinsu kaɗai ya san shi da daraja. Muddin yana inda ruwan indararon gidansu ke zuba, mai daraja ne. Ranar da ya ɗaure kaya ya koma wani gari, ya zama talaka mai biyan haraji. Hausawa sun riga sun faɗa, giwa a garin wani zomo ce, sai dai su mutanen Sifaniya sun shigar da zancen cikin doka.

Yawansu ma abin dubawa ne. Ƙidayar 1768 ta samu fiye da dubu 720, ta 1787 ta samu kimanin dubu 480 a cikin mutum miliyan 10 da 'yan kai, ta 1797 kuma kimanin dubu 400. A kudu, wajen Andalus, ƙalilan ne kuma galibi masu ƙasa. A arewa kuwa, wajen Asturiyas da Kantabriya, sun fi rabin jama'a a wurare da dama, lardin Biskaya ma dokarsa ta 1526 ta ce duk ɗan asalin lardin hidalgo ne. A can za ka tarar da shi yana noma, yana su, yana ƙira, ba ya jin komai. A tsakiyar ƙasar ne girman kai ya yi musu katutu, har aikin hannu ya zama abin kunya. Wani littafi da ya fito a 1554, Lasariyo na Tormes, ya ba da labarin irin wannan mutum, wanda yaronsa ke yin bara ya ciyar da shi, shi kuwa ya fito ƙofar gida yana sakace don a ce ya ci nama. Sarbantes ya fitar da nasa a 1605, bayan ya ɗanɗani bauta da kansa, domin ya yi shekara biyar a tsare a Aljers daga 1575 zuwa 1580. Sai a 1783 Sarki Karlos na 3 ya fitar da doka cewa jima da ƙira da ɗinki da dukanci da sassaƙa sana'o'i ne na mutunci, kuma ba sa zubar wa hidalgo matsayinsa. A shekarun 1830 aka soke bambancin gaba ɗaya, kowa ya shiga takarda ɗaya. Abin da ya rage yau shi ne sunan iyali, da jiha guda a Meziko da aka sa wa sunan limamin kirista Migel Hidalgo, wanda ya ɗaga tutar neman 'yanci a 1810.

Kada mai karatu ya ce wannan duk labarin nesa ne. Mutanen Sifaniya sun kama Tarabulus a 1510, suka miƙa ta ga mayaƙan Malta a 1530, Turkawa suka karɓe a 1551. Sojojin Turkawan nan suka auri matan ƙasa, 'ya'yansu su ne Karagla. Kalmar daga Turkanci take, kul da oglu, wato ɗan bawa, ana nufin bawan Sarkin Musulmi na Istanbul. Sun daɗe ba sa biyan haraji, a madadin haka suna fita da dawakinsu in hukuma ta kira. Ga hidalgo sak, sai dai shi sunansa ɗan abu, su kuma ɗan bawa. Daga cikinsu Ahmad Karamanli ya fito ya kama mulki a 1711, gidansa ya riƙe Tarabulus har 1835.

Mu gangaro kudu. A ƙarni na 13 Fazzan tana ƙarƙashin Kanem, wakilinsu yana zaune a Taragin. Sarakunan Barno suna da wata takarda da ake kira maharam, wadda Mai ke ba wani malami ko wani gida, ya haramta wa hakimai taɓa dukiyarsu ko karɓar haraji daga gare su, su da zuriyarsu. Gidaje sun riƙa adana ta suna kai wa sabon sarki ya sabunta. A ƙasar Hausa muna da hurumi, ƙasar da sarki ya ɗauke wa haraji. Da Aulad Muhammad suka kafa mulki a Murzuk a ƙarni na 16, sun tarar da sarautun Barno sun yi saiwa, har matafiyin nan Bajamushe Hornemann da ya zo Murzuk a 1798 ya samu ana kiran manyan fada Galadima da Kaigama. Littattafan tarihin Tarabulus da Fazzan sun kawo cewa wajen 1577 wata matar Sarki Muntasir da ke zaune a nan Sabha, saboda kishin abokiyar zamanta ta Murzuk, ta kira Turkawa. Da suka iso, ɗan sarkin mai suna Nasir ya kwashi dukiya ya gudu Katsina, ya zauna can har mutanen Fazzan suka tayar wa Turkawa, suka aika masa ya dawo. Ba shi ne na ƙarshe a gidan da ya nemi mafaka a Katsina ba. Mukan so mu tuna wa matasanmu wannan, domin su san hanyar nan ba yau aka fara bin ta ba, kuma ba kullum daga kudu ake gudowa arewa ba. Gidan ya riƙe Fazzan har wajen 1812, lokacin da Mukni ya kawar da shi da goyon bayan Yusuf Karamanli.

To, jama'a, ga inda maganar ta iso gare mu. A garin nan, kafin a tambaye ka abin da ka iya, sai an tambaye ka ɗan wane ne kai, daga wace ƙabila. Mu kuwa Hausawan Libiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo da ayari tun zamanin Gat da Gadamas da Murzuk, wasu fatake, wasu alhazai da guzuri ya ƙare musu, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, a ɗaure aka kawo su. Akwai waɗanda suka zo lokacin arzikin mai. Akwai na jiya-jiya da suka biyo ta Agadas da Dirku da Gatrun. Dokar zama ɗan ƙasa mai lamba 24 ta 2010 ta ɗora ma'auninta a kan ranar 7 ga Oktoba 1951, ranar da aka kafa tsarin mulkin farko: wa ke zaune a ƙasar ran nan, a ina aka haife shi, shekara nawa ya yi. Tun daga 2013 kuma da aka shigo da lambar ɗan ƙasa, albashi da fasfo da abubuwa da yawa sun rataya a kanta. A kudu akwai gidaje masu yawa, na Buzaye da Tubawa da Larabawa da namu, da fayil ɗinsu bai kammala ba, suna riƙe da lambar wucin gadi da ake kira rakam idari. Daɗin daɗawa, ta wajen uba ake bin lissafin. Ɗan da uwarsa 'yar ƙasa ce ubansa baƙo, ba ya samun zama ɗan ƙasa kai tsaye. Dokar Alfonso ma haka ta ce fiye da shekara 700 da suka wuce, in uwa ce kaɗai mai matsayin, ɗa bai gada ba.

Ba muna cewa zama ɗan ƙasa da sarautar hidalgo abu ɗaya ba ne. Ɗaya haƙƙi ne, ɗaya fifiko ne. Amma hanyar tabbatarwa ta yi kama ƙwarai: sunan uba, sunan kaka, wurin zama, tsohuwar takarda, da dattijon da zai ce na san su. Mun san wani gida da aka haifi kakansu a wani ƙauye kusa da Murzuk, kowa a unguwa ya sani, amma tsofaffi biyun da suka yi wasan ƙasa da shi sun rasu a shekara guda, ba wanda ya zauna da su ya rubuta ko da layi ɗaya. Takardar da ta rage, wata tsohuwar shaidar sayen dabino ce mai sunan kakan, ita ma an same ta ne a ƙasan adakar wata gwaggo bayan ta rasu, gara ta ci gefenta. Mutanen Sifaniya da ba su da abincin dare sun san su nannaɗe tasu a ƙyalle. Mu muna da wayar da ke ɗaukar murya da hoto a aljihun kowane yaro, amma tsofaffinmu suna tafiya da abin da ke kansu.

Wannan fuska ɗaya ke nan. Ɗaya fuskar ta fi ɗaci, don tsakaninmu take. Dukanmu nan hidalgon indararo ne. Mun ga ɗan hakimi yana ɗaukar bulo a Mahadiyya, mun ga jikan mahauci da shago uku da mota, yana ba ɗan hakimin aiki. Ba wanda ya ce uffan, domin ciki ba ya tambayar asali. Amma ranar da maganar aure ta taso, sai a jawo akwatin da aka baro a Damagaram ko Katsina. A bara an fasa wani aure a cikin jama'armu bayan an kai gaisuwa, saboda wani kawun yarinya ya buga waya gida, aka ce masa kakan yaron bacucane ne. Yaron yana da sana'a, yana da sauka, ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Da muka yi wa kawun magana, sai ya ce, "Malam, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Gidajen nan biyu kuwa layi ɗaya suke bi a ofis ɗaya, suna jiran takarda iri ɗaya, kuma wanda ke bayan tebur bai san bambancin basarake da bacucane a cikinsu ba. Da ya sani ma, ai a fadar Kano bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun fi 'ya'yan sarki da yawa faɗa a ji.

Sifaniya ta bi wannan hanya har ƙarshenta. Bayan takardar hidalgo, sai suka ƙaro ta tsarkin jini, wadda aka fara a Toledo a 1449, babban cocin garin kuma ya mai da ita ƙa'ida a 1547. Mai neman muƙami ko gurbin karatu sai ya nuna babu Bayahude ko Musulmi a kakanninsa. Aka riƙa tura masu bincike ƙauyuka, maƙiyi ya samu wurin ramuwa, tsegumin tsohuwa guda ya isa ya rushe gida. Garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta: wajen 1560 wata takarda ta ɓulla, wadda ake jingina wa wani babban limamin coci da aka taɓa danginsa, ta bi manyan gidajen ƙasar ɗaya bayan ɗaya tana nuna inda kowanne ya haɗa jini da waɗanda ake ƙyama. Abin ya kai a 1623 Sarki Filib na 4 ya ba da umarnin a ƙone littattafan tonon asali da mutane ke ɓoyewa a gidajensu. Kafin nan, tsakanin 1609 da 1614, an riga an kori kimanin mutum dubu 300 daga zuriyar Musulmin Andalus, waɗanda da yawansu suka sauka a Tunis da Aljeriya da Maroko.

Da wata ya cika, yaronmu ya dawo karɓar amsa. Muka karanta masa abin da ke sama, sannan muka tambaye shi sunan kakansa. Ya faɗa. Muka ce uban kakan fa? Ya yi shiru. Wane gari suka fito? Ya ce wajen Nijar. Muka ce ya ajiye Don Kihote na kwana biyu ya je ya zauna da kakarsa ta wajen uba, wadda ke da rai a Manshiyya, ya tafi da littafin rubutu da waya.

Ran Juma'a sai ga shi da shafi huɗu. Tsohuwar ta ba shi sunaye biyar a jere, ta ce daga wani ƙauye kusa da Tasawa suka taso, ta faɗi shekarar farin da ta kore su, da rijiyoyin da suka yada zango, da sunan Balaraben da ya fara ba mijinta aiki a gonar dabino, da mutum biyu masu rai da suka san zuwansu. Ya ce, "Baba, akwai abu ɗaya. Iya ta ce dukansu majema ne, har ta ce wai kada in faɗa a waje. In rubuta, ko in tsallake?" Muka ce ya rubuta, ya sa kwanan wata, ya kai wa mutum biyun nan su ji su sa hannu tun suna iyawa, ya yi hoton shafukan ya ba ƙannensa kowa nasa.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kalmar bacucane, mu ajiye ta kusa da shushan da ake faɗi a ƙasar nan. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa da ta san yadda ake amfani da su a da, ya aiko mana ta ofishin mujalla.